Daga "na sallama" zuwa "shalom": tarihin baƙaƙe uku

Duk wanda ya taɓa tsayawa ciniki a kasuwar Kurmi ya san yadda maganar ke ƙarewa. Ka taya, mai kaya ya ce albarka. Ka ƙara, ya girgiza kai. Ka juya za ka tafi, sai ya kira ka: "Dawo Alhaji, kawo kuɗin, na sallama." Ka biya, ɗan dako ya kai maka kayan bakin titi, ka sallame shi. Ka iso gida ka yi sallama a zaure. Da magariba liman ya sallame salla, kafin ka kwanta kuma a bugo waya a ce an sallamo ƙanwarka daga asibiti. Kalma ɗaya ce ta yi aiki biyar a wuni guda: yarda da ciniki, biyan lada, gaisuwa, rufe ibada, da sakin mutum ya tafi. Ba ma jin wani baƙon abu a ciki saboda da ita muka tashi. Amma me ya haɗa biyan ɗan dako da gaisuwar zaure?

Amsar ba a Hausa take ba. Sai an bi kalmar zuwa gidan da ta fito, gidan kuwa babba ne, ya fi Larabci faɗi, ya kuma girmi duk wani rubutun Larabci da ya iso hannunmu.

Wanda ya zauna gaban malam ya karanta sarfu ya riga ya san sirrin. A Larabci da 'yan'uwansa, kalma tana tsayawa ne a kan saiwa mai baƙaƙe uku, kamar duwatsun murhu. Duwatsun ba sa motsi, tukunyar da aka ɗora ce ke sauyawa. Wasula da 'yan ƙare-ƙaren gaba da baya su ne tukunyar. Ɗauki K-T-B: kataba ya rubuta, katib marubuci, maktab wurin rubutu, kitab kuwa shi ne ya shigo mana da "al" ɗinsa ya zama littafi. Saiwar da ke ƙarƙashin sallamarmu ita ce S-L-M, sinun da lamun da mimun.

Malamin lugga Ibn Faris, wanda ya rasu wajen shekarar 1004, ya ɗauki aikin bin kowace saiwar Larabci ya gano ma'anar da ke tsakiyarta. Da ya zo kan S-L-M ya ce mafi yawan abin da ke wannan babi yana komawa ne ga "sihha" da "afiya". Kalma ta biyun nan ita ce lafiyarmu, daga al-afiya. Wato zuciyar saiwar ba zaman lafiya ba ne a ma'anar rashin yaƙi. Ma'anarta ta fari ita ce abu ya kasance cikakke, bai tsage ba, bai ragu ba, babu aibi a jikinsa. Daga nan komai ya rarrabu.

Salima, ya kuɓuta. Salim, lafiyayye, kamar "ƙalbin salim" na Suratus Shu'ara, zuciyar da babu cuta a cikinta. Idan aka ɗaure lamun aka ce sallama, an mai da aikin kan wani: ka sa shi ya kuɓuta, ka yi masa fatan kuɓuta, ko ka miƙa masa abu yadda yake ba tare da ka gutsura ba. Aslama, ya miƙa kansa ɗungurungum, daga nan Islam da muslim suka fito. Istalama, ya karɓa. Istaslama, ya ba da kai a fagen fama. Akwai kalma guda a Alƙur'ani da nake ganin ta fi kowace nuna yadda igiyar ta ƙullu. A Suratul Baƙara, aya ta 71, an siffanta saniyar Banu Isra'ila da cewa "musallama" ce, wato lafiyayya ba tabo. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, an ce diyyar wanda aka kashe bisa kuskure "musallama" ce ga iyalinsa, wato abar miƙawa gare su. Lafazi ɗaya, can cikar halitta, nan cikar biya. Hakkin da aka biya an cike giɓinsa ke nan. Ga ɗan dakonmu ya samu wurin zama.

Malaman fiƙihu suna da cinikin salam, inda mai saye ke ba da kuɗi cif tun yau, a kawo masa kaya a lokacin da aka yanka. Larabawan da kuma idan maciji ya sari mutum sukan kira shi salim, don kyautata masa fata, kamar dai yadda mu ma ba ma son ambaton maciji da dare sai mu ce igiyar ƙasa.

To, mu ƙetara zuwa Ibrananci. Gaisuwarsu shalom ce, cikakkiyarta shalom alekhem, kunne kaɗai ya isa ya ji danginta. Amma kunne ba hujja ba ne, kama da wane ba ta wane. Abin da ya sa masana suka tabbatar da dangantakar shi ne bambancin da ke tsakanin kalmomin biyu yana bin ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana maimaita kanta a kalmomi masu yawa. Inda Balarabe ya ce "s", sau da yawa Ba'ibrane "sh" yake cewa: ism da shem, suna, sinn da shen, haƙori, sana da shana, shekara, sab'a da sheva, bakwai, nafs da nefesh, rai. Sannan dogon wasalin "a" na Larabci yana komawa "o" a Ibrananci: lisan da lashon, harshe, himar da hamor, jaki, katib da kotev, mai rubutu. Ɗora ƙa'idojin biyu a kan salam, dole shalom ya fito, ko da ba ka taɓa jin kalmar ba. Wannan shi ne bambancin ilimi da hasashe. Har ma akwai ƙa'ida ta uku mai daɗin ji, inda "th" na Larabci ke zama "sh" a Ibrananci, "t" a Aramiyanci: bijimin sa shi ne thawr, shor, tor, uku kuwa thalath, shalosh, tlat.

Ma'anonin ma sun bi sawu ɗaya. Shalem a Ibrananci cikakke ne. Mushlam, wanda ya kammala ba aibi. Idan suna tambayar lafiyar mutum cewa suke ma shlomkha, yaya shalom ɗinka. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne shillem, mai ɗaurin baƙin tsakiya daidai da sallama na Larabci. Ma'anarsa ya biya. Har gobe a kantunan birnin Haifa da wannan fi'ilin ake biyan kuɗi, biyan kansa kuma tashlum. Bahaushen da ya ce "sallami mai keke" da Ba'ibranen da ya ce shillem, gini ɗaya suka hau kuma ma'ana ɗaya suka nufa, alhali babu wanda ya koya daga ɗaya.

Sauran 'yan gidan ba sai an daɗe a kansu ba. A Aramiyanci, harshen da masana tarihi suka yi ittifaƙi cewa shi ne na yau da kullum a Falasɗinu zamanin Annabi Isa (AS), kalmar shlama ce, kuma Kiristocin Asuriyawa na arewacin Iraƙi da ita suke gaisawa har yanzu, 'yan'uwansu na yankin Tur Abdin a kudu maso gabashin Turkiyya kuma su ce shlomo. A Habasha da Iritiriya, mai Amhariyanci da mai Tigirinya duk selam suke cewa, haka take tun a Gi'iz, tsohon harshen cocinsu. A tsibirin Malta, inda mutane Katolika ne, suna rubutu da boko, harshensu kuma ya tsiro daga Larabcin da aka yi a Sisili, kalmar sliem ce. Sunan Ubangiji a cocinsu Alla, azuminsu na kwana arba'in kuma Randan.

Inda nake so mu zauna sosai shi ne wajen babban wansu a rubuce, wato Akadiyanci, harshen Babila da Assur a ƙasar Iraƙi ta yau, wanda aka riƙa dannawa a kan allunan yumɓu fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A cikinsa shalamu na nufin zama lafiya ko cika, shulmu kuma lafiya. A shekarar 1887 aka tono wasu alluna a Tal al-Amarna da ke Masar, adadinsu ya kai wajen 380, mafi yawansu wasiƙu ne da aka aika wa fadar Fir'auna a ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Akadiyanci ne harshen hulɗar sarakuna a lokacin, ko da ba harshen uwarsu ba ne. Manyan sarakuna irin su Burna-Buriyash na Babila da Tushratta na Mitanni ba sa shiga magana sai sun shimfiɗa gaisuwa, kuma tsarinta kusan ɗaya ne kullum. Mai wasiƙa zai fara da cewa shi yana cikin shulmu, sannan ya yi wa ɗan'uwansa Fir'auna fatan shulmu, shi da gidansa, da matansa, da 'ya'yansa, da manyan fadawansa, da dawakinsa, da karusansa, da ƙasarsa baki ɗaya.

Ranar da na fara karanta wannan sai na ji kamar ina zaune a zauren kakana. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina yara, yaya dabbobi, yaya jama'a. Ba na cewa gaisuwarmu daga can ta zo. Abin da nake cewa shi ne su ma sun ɗauki lafiyar mutum a matsayin abin da ba ya cika sai an lissafa duk waɗanda ke rataye a wuyansa, har dokinsa. Wannan ita ce ma'anar cika da saiwar ke ɗauke da ita, an baje ta a fili.

Wasiƙar ba ta tafiya hannu rabbana. Takan zo da kyauta: zinariya, dawaki, duwatsu masu daraja. Sunan wannan kyauta shulmanu, wato abin tambayar lafiya. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa sharhi a nan, domin a wurinmu ma gaisuwa tana da fuska biyu, akwai ta baki akwai ta hannu: gaisuwar sarki, gaisuwar surukai, gaisuwar uwa da uba a kayan aure. Abin baƙin cikin shi ne kalmar ta gangara inda tamu ma takan gangara. A takardun Assur an sami shulmanu da ma'anar abin da ake kai wa mai muƙami don ya duba lamarin mutum. A Ibrananci kuma, a littafin Ishaya, sura ta 1 aya ta 23, an zargi shugabanni da son cin hanci da bin shalmonim. Kalmar da aka gina a kan lafiya da cika ta wayi gari tana nufin toshiyar baki, kusan shekara 2,700 da suka wuce. Duk wanda ya taɓa jin an ce "a kai wa oga gaisuwa" ya san ta wace hanya aka bi.

A cikin allunan Amarna ɗin nan akwai wasiƙun wani mai mulki, Abdi-Heba, daga garin da aka rubuta sunansa Urusalim. Shi ne Yerushalayim na Ibrananci, Urushalima a Littafi Mai Tsarki na Hausa. An saba fassara sunan da "birnin salama", fassarar tana da daɗi kuma ta daɗe. Sai dai yawancin masana suna ganin asalinsa "abin da Shalim ya kafa" ne. Shalim sunan wani abin bauta ne na Kan'aniyawa mai alaƙa da faɗuwar rana, wanda ya fito tare da tagwaininsa Shahar, na ketowar alfijir, a rubuce-rubucen Ugarit da aka fara tonowa a Ras Shamra ta Siriya a 1929. Ko a nan saiwar ba ta kauce ba, domin faɗuwar rana cikar wuni ce. Sunan da muka fi sani, Ƙudus, daga wata saiwar ce dabam, Ƙ-D-S ta tsarki, wadda ita ma ke da ƙodesh a Ibrananci da ƙeddus a Gi'iz. Sunaye kam sun cika gidan: Shlomo shi ne Sulaimanu, akwai Abshalom da Salome, akwai Shalmanesar da sarakunan Assur biyar suka amsa, akwai Bagadaza da Halifa Mansur ya sa wa Madinatus Salam da ya gina ta a 762. Namu kuwa Salamatu, Salma, Salmanu, Abdussalami, da Sule.

Yanzu ga ramuka biyu da mai bin saiwa ke yawan faɗawa.

Na farko a bakinmu yake. Salla da sallama sun yi kama, har muna haɗa su a jimla ɗaya, amma ba su haɗa komai ba. Salla daga salat take, da sadun, saiwarta S-L-W mai kauri, 'yar'uwarta a Suryaniyanci, wani reshen Aramiyanci, ita ce slota. Hausa ce ba ta rarrabe sadun da sinun, shi ya sa suka zo mana kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Na biyun ya fi zurfi. Sullam a Larabci tsani ne, baƙaƙensa kuwa S-L-M cif. Wasu malaman lugga na da sun yi ƙoƙarin shigar da shi cikin dangi, suka ce an kira shi haka ne don yana miƙa ka inda kake so. Bayani ne mai hikima, amma Ibrananci ya tona asirin. Kalmar tana can, sau ɗaya tak a Attaura, a mafarkin tsanin Annabi Yaƙubu (AS), kuma sullam ce da "s", ba shullam ba. Da daga saiwar shalom take, da dole ta zo da "sh". Abin da ya faru shi ne tsohon harshen da ya haifi dukkansu yana da baƙaƙe 29, Larabci ya riƙe 28, guda ɗayan da ya ɓace kuwa ya ɓace ne saboda sautuka biyu dabam sun narke sun zama sinun. Ibrananci ya bar su a rabe. Don haka kalmomi biyu na iya kwana ƙarƙashin babi ɗaya a ƙamusun Larabci alhali kakanninsu dabam. Ba a gane haka daga cikin Larabci kaɗai, sai an tambayi ɗan'uwansa.

Wannan ya kawo mu ga gardamar da ake yawan yi, ko Islam na nufin zaman lafiya. Wani ya ce haka ne tunda daga salam yake, wani ya ce sam, miƙa wuya ne kawai. A ganina kowannensu ya riƙe rabi. Islam masdarin aslama ne, wato sunan aikin da aka ciro daga fi'ilin, ma'anarsa a lugga miƙa kai ga Allah, kuma ba daga salam aka ciro shi ba, su biyun ne suka fito daga saiwa ɗaya. Saiwa gida ce, ba ta mai da 'ya'yanta mutum ɗaya. Amma wanda ya ce babu ruwan juna tsakaninsu shi ma ya yi nisa, domin miƙa kai ɗungurungum ba tare da rage komai ba, da zama lafiya ba tsaga, tunani ɗaya ne ya haife su. As-Salam kuma suna ne daga sunayen Allah, a Suratul Hashri aya ta 23, malaman tafsiri sukan fassara shi da wanda ya kuɓuta daga dukkan aibi.

Sau da yawa nakan ji ana cewa ai duk daga Larabci sauran suka ɗauka. Hujjar sauti ba ta goyi bayan haka ba. Shulmu yana kan yumɓu tun kafin a sami rubutun Larabci ko guda, kuma Larabcin bai ɗauko daga Akadiyanci ba shi ma. 'Yan'uwa ne da suka gaji uba ɗaya wanda ba a taɓa rubuta shi ba. Martabar Larabci a wurin Musulmi daga Alƙur'ani take, ba ta jiran a ce shi ya haifi kowa. Kuma ba Turawa ne suka fara lura da dangantakar ba. Yahuda ibn Ƙuraish, mutumin Tahart a Aljeriya ta yau, ya rubuta wa Yahudawan Fas wasiƙa da Larabci wajen ƙarni na 10 yana jera kalmomin Ibrananci da Aramiyanci da Larabci kafaɗa da kafaɗa. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya faɗa ƙarara cewa Suryaniyanci da Ibrananci da Larabci harshe ɗaya ne da ya sauya saboda rabuwar mazaunan masu shi. Sunan da ake kiran dangin da shi yau, harsunan Samiyya, daga Samu ɗan Annabi Nuhu (AS), Bajamushe Schlözer ne ya yaɗa shi a 1781.

Mu fa, ina matsayinmu? Sallama a bakin Bahaushe aro ce, ba gado ba. Shaidar tana jikinta: ta zo da ɗaurin lamun na ginin Larabci, ta zo tare da Musulmi da Musulunci da Islamiyya, ta hanyar malamai da fatake. Haka ta shiga Sawahili, haka ta zama selam a Turkanci, selamat a Indunusiya, har salamat na godiya a Filifin. Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma wannan ya rufe har ya yi saura, domin mun sa mata rigar fi'ilin Hausa: sallama, sallami, sallame, sallamo, sallamamme. Idan muka tashi fassara salam kuma sai mu ce aminci, wanda shi ma daga wata saiwar Samiyya yake, A-M-N, mai amana da imani da Aminu, da amin ɗin da Musulmi da Kirista da Bayahude ke rufe addu'a da ita. Kiristocin Hausa kuwa salama suka riƙe a Littafinsu.

Gadon namu yana wani wuri, a kalmomin da ba mai zaton suna da dangi a waje. Tun bayan rabe-raben Joseph Greenberg, wanda ya kammala a 1963, masana sun karɓi cewa Hausa da sauran harsunan Chadi reshe ne na babban gidan Afro-Asiya, tare da harsunan Samiyya, da na Buzaye da sauran Barbar, da tsohon Misiranci, da harsunan Kush irin su Somaliyanci da Oromo. Babu malamin da ya koya wa kakanninmu kalmar mutu, amma ga ta nan: mata da yamutu a Larabci, met a Ibrananci, matu a Akadiyanci, baƙaƙen m-w-t a rubutun Fir'aunoni, emmet a bakin Barbar. Kalmar suna ana danganta ta da ism da shem da shumu na Akadiyanci. Harshe, wanda Sakkwatawa ke cewa halshe, yana tafiya da lisan da lashon da iles na Barbar. Ka ce gidanka ga namiji, gidanki ga mace, Balarabe ya ce baituka da baituki. Ka ce ya zo, ta zo, shi ya ce yaktubu, taktubu. Mabuɗi da miftah, "m" ɗin da ke gabansu aiki ɗaya take yi, ta mai da buɗewa abin buɗewa.